Tambayoyin da matan gidan magajiya ke yi mini in mun zauna shayi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni sajifam ce, wato ungozoma ta likita, nan Tawa nike aiki, kuma na daɗe ina bin wasu mata 'yan ƙungiya muna shiga gidajen mata masu zaman kansu da marece kamin kasuwa ta buɗe, a shimhiɗa tabarma, a aza shayi, a yi irin hirar da ba ta yiwuwa cikin layin likita gaban mutane. Tambayoyin ga dut daga bakinsu na ji su, wasu an yi mini su ya hi sau ɗari. Wanda ya zo da wa'azi shi yi haƙuri, akwai malamai kuma sun hi ni sani, ni nawa aikin in ga ɗiyar mutane ta wayi gari da lahiyarta, ko tana cikin harkar ko Allah ya hidda ta. Galibin waɗanda nike gani zawarawa ne, wata an sako ta da ɗiya uku, wata miji ya tahi biɗa Abijan ko Libiya shekara biyar ba aike ba waya. To bismilla.

Tanti, ba inda ke mini ciwo, mi zai kai ni likita?

Wagga tambaya ita ta hi cin mutane. Namiji in ya kwashi ciwon sanyi, cikin 'yan kwanaki hitsari ya soma yi mai zahi awa barkono, mugunya na ɗiga cikin wando, da gudu zai biɗi magani. Mace ba haka take ba ƙanwata. Mata da yawa suna ɗauke da ciwon nan wata da watanni ba ƙaiƙayi ba wari ba komi, shi ko yana can yana hawa sannu sannu daga bakin mahaifa zuwa hanyoyin da ƙwai ke bi, shi ƙone su, shi toshe su. Ranar da kinka yi aure kina biɗar ciki shekara biyu shiru, sai a soma cewa kishiya ce ko iska ce, alhali sanyin da kinka kwasa tun tuni ne ba ki sani ba. Sida ma haka, mutum na iya yin shekaru yana ƙiba yana sheƙi tana cikin jininshi. Shi ya sa muke cewa kowane wata uku ki zo a duba ki, a yi miki tes na jini. Ɗan tsini ne ga yatsa, kamin shayi na biyu shi dahu kin ji sakamako.

Kapot, robar kwanciya, ya fashe jiya da dare. Mi zan yi?

Ki aje wayar ki sa hijabi ki tahi likita yanzu, ki ƙarasa karatun bisa hanya. Abu biyu ne ke da agogo.

Na farko maganin kariyar sida na gaggawa. Ƙwaya ce da ake somawa cikin awa 72, kwana uku ke nan daga lokacin da abin ya faru, kuma ta yau ta hi ta gobe ƙarhi. Ana shan ta kullum har kwana 28 ba tsallake. Za a yi miki tes tukuna, don in dama kina da cutar wani tsari ne daban. Ki tambaya wurin da ake ba masu sida magani, nan Tawa babbar likita ta jiha da likitocin gunduma, can Yamai akwai CTA, cibiyar masu sida, da manyan likitoci.

Na biyu ƙwayar hana ciki ta gaggawa, in ba ki bisa planin, wato tazarar haihuwa. A farmasi za ki ji ana ce mata Norlevo, ƙwaya guda ce. Ta hi aiki cikin kwana uku, tana iya taɓukawa har kwana biyar amma ƙarhinta na raguwa kullum. In kinka yi amai cikin awa biyu bayan kin sha ki sake wata. Ba ta zubda cikin da ya riga ya zamna, hana shi shiga kawai take yi.

Akwai wata yarinya 'yar wajen Keita da har yau in na tuna ta sai raina shi ɓaci. Daren Alhamis abin ya same ta da wani direban kamiyo, ta tashi ta wanke gabanta da omo da ruwan zahi, ta sha kwalbar koka da ƙwayoyi biyu na mai tire, ta ce ai shi ke nan. Juma'a ta ce ranar salla ce, Asabar ta ji kumya, Lahadi kasuwa. Litinin da hantsi ta iso wurina ta zamna bakin benci tana murza bakin zane. Na ƙirga bisa yatsuna gabanta, mun wuce awa 72 da rabin yini. Abin da ya rage mu jira wata uku mu sake tes, kuma wata ukun nan ta rame kamar wadda ta yi jinya. Allah ya tsare ta, ba ta ɗauka ba, amma ba omo ya tsare ta ba.

To mi ke sa shi yawan fashewa? Ko na banza ake kawo muna?

Da wuya laihin kapot ne. Kapot Foula ɗin nan na ƙungiyar ANIMAS-SUTURA da Balla Haruna ɗan kokowa ya yi ma talla, da wanda ƙungiyoyi ke rabawa kyauta, dut suna aiki in an riƙe su daidai. Na ɗaya mai kashe shi zahi. Kun san Tawa cikin watan huɗu da na biyar, ɗakin kwano da rana tanda ne. Na taɓa shiga ɗakin wata ta jawo mini kwali daga bisa taga inda rana ke dukan shi tun sahe, na ɓare guda, ya bushe ya manne awa ƙaro, ina ja ya tsage ga hannuna. Ki aje shi ƙasa wurin inuwa, ki duba kwanan watan da ke bisa ledar, kuma ki latsa ledar ki ji akwai 'yar iska ciki.

Na biyu mai. Bazilin, man kaɗanya, man shanu, man gyaɗa, man shafawa, dut abin da ke da maiƙo yana cin robar cikin mintoci. Jel ɗin ruwa wanda ake bada shi tare da kapot shi kaɗai ya dace, ki roƙe shi wurin 'yan ƙungiya ko ki saya farmasi, kuma shi ne ke hana ki gurjewa in mutane sun yi yawa dare guda. Na uku sa biyu lokaci guda, wai don a ƙara tsaro. Suna gugar juna ne su fashe dut biyun. Sai yage leda da haƙori, da mance matse kan kapot ɗin don iska ta hita. Kuma ke ki sa mai da hannunki, kar ki bar mai shi cikin duhu.

Akwai na mata ma, wanda ke ce za ki sa shi ciki tun kamin mutum shi shigo ɗaki. Farko yana da wuyar sabo, yana 'yar ƙara, amma ga mashayin da ba shi iya tsayawa a sa mai ya hi komi. Kar dai a haɗa na mace da na namiji tare.

Wani sai shi ce zai ninka kuɗɗi in an yi ba hula, ga haya ta taru, ga ɗiya na jiran abinci

Ba zan yi miki ƙarya in ce jika biyar ba kuɗɗi ba ne ranar da tukunya ke kihe. Amma ki tambayi kanki, mutumin da ke yawo yana sayen a yi ba hula, ɗaki nawa ya shiga da wannan cinikin kamin naki? Kuma huska ba ta nunawa, mai babbar riga da turare da ɗan tebur dut ɗaya ne.

Abin da na gani yana aiki shi ne gida shi zama baki guda. In ke kin ƙi, ta ɗakin kusa ta karɓa, gobe dut gidan an san ana samu. Akwai gidan da magajiyarsu, wata tsohuwa mai kaurin murya, ta sa doka: wanda ya ce ba hula a maida mai kuɗɗinshi a raka shi ƙofa, wadda ta karya doka ta biya tara cikin asusun gida. Watan farko sun yi kuka sun ce kasuwa ta gudu, daga baya mazan sun dawo da hularsu cikin aljihu. Ki karɓi kuɗɗi tun farko, ki faɗi sharaɗi tun bakin ƙofa kuna tsaye da tufafi, don gardamar da anka soma bisa katifa mace ba ta cika cin ta ba.

Saurayina fa? Shi ai ba kiliyan ba ne

Hmm. Nan ne kowa ke sunkuyar da kai. Mata nawa na sani da ba su taɓa yarda da baƙo ba kapot ba, amma ɗan kabu-kabun da ke kai su yana maido su, ko wanda ke biyan haya yana cewa zai aure su bayan salla, shi an sakar mai komi don in an ce shi sa hula zai ce ba ki yarda da shi ba. Ke kin san inda yake kwana ranar da ba shi wurinki? Da yawa cikin waɗanda na ba sakamako maras daɗi, ta ƙofar masoyi abin ya shigo. In da gaske yana son ki ku zo tare a yi muku tes, ku sake bayan wata uku. Wanda ya ƙi zuwa ya ba ki amsa.

Ruwa na hito mini, ga ƙaiƙayi. Ina shan ja da rawaya wurin mai tire ya lafa kuma ya dawo

Zai ta dawowa. Abin da muke ce ma sanyi ba ciwo guda ba ne, kala kala ne kuma kowane da maganinshi. Fari mai kauri awa kindirmo da ƙaiƙayi galibi ba ma daga namiji yake ba, kuma yawan shan kapso na ƙara shi. Mai ruwa ruwa da ƙarnin kihi, ko mai kumfa kore kore, Flagyl ke maganinshi, kuma ba a haɗa shi da giya. Wanda ke kama bakin mahaifa shi ne mugun, shi sai an yi pikir na seftiriyazon a haɗa da ƙwaya, don tsoffin magungunan da anka saba da su ya daina jin su, saboda irin wanga shan guda biyu yau guda ɗaya gobe. Maganin mai tire ya sha rana ya sha ƙura tasha tasha, wani ma alli ne cikin kwanso. Ki zo a duba da ido, a rubuta miki ordonas, ki shanye dut ko kin ji sauƙi rana ta biyu, kuma a yi ma saurayin nan magani shi ma in ba haka ba ku yi ta miƙa ma juna.

In ko akwai ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, ko zahi can ciki lokacin kwanciya, kar ki kwana da shi.

Wani ƙurji ya hito mini ga gaba, ba ya ciwo, ya warke da kanshi. Sai in manta da shi?

A'a. Wannan kamannin tunjere ne. Yana hitowa kamar sati uku bayan an ɗauka, shi yi 'yan makonni shi bushe, mutum shi ce Alhamdu lillahi, shi ko ya shige jini. Daga baya ƙuraje ga tahin hannu da na ƙafa, bayan shekaru shi taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, mai ciki kuma shi kashe ɗan ciki ko a haife shi da ciwo. Tes ɗin jini ke nuna shi, maganinshi pikir ɗin penisilin ga ɗuwawu, mai zahi ne amma yana kashe shi sarai. Kuma dut wani gyambo ga gaba ƙofa ce buɗe ga sida.

Matsi da wanke ciki ba tsabta ba ce?

Nan kam kullum sai mun yi faɗa. Na san kasuwar hakin maye, na san abin da maza ke cewa suna so. Amma gaban mace yana da ruwanshi da ƙwayoyin halitta masu tsaron shi, in kinka bi shi da sabulu da detol da lemun tsami da alif bayan kowane mutum kin kore masu gadi. Kayan matsi kuma busar da wurin suke su kumbura shi, shi ne kike ji kamar ya tsuke, wuri busasshe ko da an taɓa shi sai shi tsage ƙanana ƙanana inda ido ba ya gani, kapot ma shi fashe. Ruwa tsabtatacce daga waje ya isa. Wanda ake sha da nono ko a ci da kaza ban cika damuwa da shi ba in an san abin da ke ciki, na cusawa ne ba ni so.

Haka masu cusa auduga ko soso ranar al'ada don kar su rasa kasuwa. Na sha ciro wanda ya kwana uku ciki an mance da shi, warin sai da munka buɗe tagogi. In da hali ki huta kwanakin. In babu, kapot dole, kuma kar abu shi kwana cikinki.

Ina sa kapot, mi zan yi da planin? An ce yana ƙone mahaifa

Kapot na tsare ciwo da ciki dut, amma ranar da ya fashe ko anka hi ƙarhinki, planin ne ke tsaye bayanshi. Shi kuma planin ba ya tsare ciwo ko kaɗan, don haka biyun ake haɗawa. Tun 2006 gwamnati ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne likitocin gwamnati, kina iya zuwa CSI, ƙaramar likita ta unguwarku, ko wurin ANBEF, ƙungiyar tazarar haihuwa.

Pilil ta kullum tana da kyau amma ga mai kwana sahe tana tashi azahar, yau nan gobe Konni, mantuwa na da sauƙi. Pikir ɗin wata uku ya hi dacewa da da yawa, akwai ma Sayana Press ƙarama da ake koya miki ki yi ma kanki ga cinya ko ciki. Sai ta hannu da mata ke ce ma ashana: Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5, ranar da kinka so a cire miki. Sai siterile da ake sawa cikin mahaifa, yana kai shekara 10, amma shi sai an tabbata ba sanyi ga bakin mahaifa ranar sawa.

Batun ƙone mahaifa babu shi. Gaskiyar da ke ciki ita ce pikir da ashana suna rikita al'ada, wata ta yi ta ɗigo, wata ta ɗauke gaba ɗaya, kuma jinin ba taruwa yake ciki ba, ba a yi shi ba ne. Bayan an bar pikir ciki na iya jinkiri watanni, wata har kusan shekara, amma yana zuwa. Abin da ke hana haihuwa da gaske shi ne sanyin da ba a yi ma magani ba da zubda ciki na ɓoye. In kina shan maganin tarin huka ki faɗa ma sajifam, yana rage ƙarhin pilil da ashana.

Wata ya wuce ban ga al'ada ba, kuma ban shirya ba

Ki soma da tes na hitsari, ba tsada, kar ki zamna kina zato. In ciki ne ki zo mu zamna mu yi magana ni da ke. Dokar lahiyar haihuwa ta 2006 ta yarda a katse ciki ne in rai ko lahiyar uwa na cikin haɗari ko ɗan na da mugun ciwo, kuma lokotoro ke yanke wannan. Ni abin da idona ya gani shi nike faɗi: waɗanda sunka sha tarin ƙwayoyi ko jiƙe jiƙe, da waɗanda wata tsohuwa ta sa ma tsinke, an kawo muna su cikin amalanke jini ya ƙare, wata ƙoda ta tsaya, wata sai an cire mahaifar tana da shekara ashirin. In har abu ya riga ya faru, kina zubda jini yana jiƙa zane, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ki taho a wanke miki, aikinmu ne, kar tsoron tambaya shi sa ki mutu cikin ɗaki.

Wata alama kuma da kowace mace ya kamata ta riƙe: al'ada ta ɗauke, ga ciwo mai suka gehe guda na mara, ga jiri. Yana iya zama ciki bayan mahaifa, wanda ke fashewa ciki. Wannan sai babbar likita nan take, nan Tawa cibiyar uwa da yaro, Yamai kuma matarnite Issaka Gazobi.

Ina tsoron tes. In anka ce ina da ita ai na mutu, kuma gari dut zai ji

Da can ne ake ce mata kabari salamu alaikum. Yanzu ƙwaya guda ce rana, kyauta, kuma wadda ta riƙe ta da gaske cikin kamar wata shida ƙwayar cutar na raguwa har a auna jini ba a gan ta ba. In ta kai haka kuma kinka ci gaba da sha, ba ki sa ma namiji ta wurin kwanciya. Ina da matan da sunka yi shekara goma bisa magani, sun yi aure, sun aurar da ɗiya. Mai ciki in tana sha tana zuwa awo, ana ba jinjiri nashi siro, galibi ɗa na hitowa lahiya lau, alhali in ba magani cikin ɗiya ɗari 15 zuwa 45 na iya ɗauka.

Ƙasarmu cutar ba ta yi yawa ba cikin jama'a, binciken ƙasa na 2012 ya samu ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari biyu. Amma cikin mata masu wagga harka ta ninka haka sau da yawa, shi ya sa nike matsa muku.

Sirri kuma doka ce, akwai dokar sida ta 2007 da anka sake 2015, ma'aikacin lahiya ba shi da izinin faɗa ma magajiya ko 'yan uwanki. Ɓoye kwalbar cikin gidan haya shi ne aiki, na sani. Wata ta nuna mini nata cikin gwangwanin turaren wuta ƙarƙashin tsumma, ta ce ba mai taɓa mata turare. Ta yi dabara, na dai ce ta bar ƙwayoyin cikin kwalbarsu rufe don zahi da laima. In kina son ki ga waɗanda ke rayuwa da ita ki ji daga bakinsu, ki tambayi 'yan RENIP+, ƙungiyar masu rayuwa da sida.

Azumi fa, in bar maganin?

Kar ki bari. Tunda sau ɗaya ne, ki gaya ma mai ba ki magani a maida shi bayan shan ruwa, ki riƙe lokacin.

Na ji wai akwai ƙwayar da mai lahiya ke sha don kar ta ɗauka

Akwai, PrEP ake ce mata, OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta bada shawararta tun 2015 ga waɗanda ke cikin haɗari sosai. Sai tes ya nuna ba ki da cutar, ki sha kullum, kuma mace sai ta yi kwana bakwai tana sha kamin ta soma tsare ta, ana sake tes kowane wata uku. Ba ta hana ciki, ba ta hana tunjere ko sanyi. Ki tambayi 'yan ƙungiyar da ke zuwa gidanku ko wurin bada maganin sida su nuna miki inda ake samu.

Wani ya hi ƙarhina, ya buge ni ya yi ba kapot. Wa zai saurari karuwa?

Fyaɗe fyaɗe ne ko wace ce. Don kin karɓi kuɗɗin wani jiya ba shi ba kowa izinin jikinki yau. Likita farko, saboda awa 72 ɗin nan da ƙwayar hana ciki da ɗinkin rauni, kuma a rubuta miki takardar lokotoro, ita ce shaidarki in kinka yanke kai ƙara komisariya ko jandarmari. In kina iyawa kar ki yi wanka kamin a duba ki, tufafin ma ki aje. Ki tahi da 'yar uwa ko 'yar ƙungiya, mutum biyu ba a cika raina su ba. Lambar polis 17.

Ku riƙa tsaron juna kuma. In za ki bi mutum waje ki faɗa ma wata inda za ki, ta ga huskarshi ko lambar moto. Tramol da giya da kuke cewa suna sa a jure dare, su ne ke sa ba ki lura an zare kapot ba.

Magajiyoyi kuma ku ji da kyau: yarinyar da ba ta kai 18 ba, wannan ba zaman kai ba ne, cin zalin yarinya ne, kuma mai gidan da ta aje ta ita doka za ta kama.

Sida kaɗai kuke magana, ba wani abu?

Akwai biyu da ba a cika faɗi ba. Ciwon hanta iri na B ya hi sida yawa ƙasar nan nesa ba kusa ba, kuma ya hi ta saurin kamu. Yana da rigakahi pikir uku. Jarirai na samu cikin rigakahin yara tun 2008, ke da anka haifa kamin nan ba ki samu ba, ki yi tes, in ba ki da shi ki yi rigakahin. Sai kansar bakin mahaifa, wadda wata ƙwayar cuta da ake ɗauka wurin kwanciya ke kawowa, tana shekaru kamin ta zama ciwo. Dubawar minti kaɗan ce, ana shafa ruwan binegar bakin mahaifa a gani ko wani wuri ya yi fari, in an gani da wuri a kashe shi nan take. Daga shekara 30 ki yi, mai sida tun 25 don ita haɗarinta ya ninka kamar sau shida. Jini bayan kwanciya ba lokacin al'ada ba, kar ki ce gurjewa ce kawai.

Na taɓa zuwa anka wulaƙanta ni gaban mutane, na rantse ba ni komawa

Na yarda da ke don na gani da idona. Wata rana na raka wata wurin da ba zan faɗi suna ba, ma'aikaciyar ta ɗaga karne ta ce da ƙarhi, ina mijin, ko irin waɗancan ce, layi dut ya juyo. Yarinyar ta aje kai ta hita, sai bakin titi na cim mata tana kuka. Na koma na yi ma abokiyar aikin nawa magana son raina, amma mi ya amfana, ta riga ta kore ta. Ba a buƙatar miji ko takardarshi don a duba ki ko a yi miki tes. In wuri ya yi miki haka ki canza wuri, ki tambayi 'yan uwanki wace sajifam ce mai riƙon amana, kowane gari akwai su kuma mata sun san su. Amma in kinka samu irinta ki faɗa mata gaskiyar aikinki, don in kin ce miji guda gare ki duba guda za a yi miki, ba za a duba maƙogwaro ko baya ba, alhali sanyi na zama can ma.

Za ni Agadas, daga can ƙila wurin zinariya. Yaya zan yi da magani?

Ki zo kamin tahiya da kamar sati guda, kar ki zo ranar da mota ke tashi. Mai shan maganin sida ta roƙi na wata uku ko hiye in jininta ya yi kyau, da takardar da za ta nuna can a ci gaba da ba ta, ta ɗauki hoton takardar cikin waya don takarda na ɓata. Mai pikir ɗin wata uku ta rubuta ranar da zai ƙare, ko ta karɓi Sayana ta tahi da ita, ko a sa mata ashana ta huta. Kapot da jel ki ɗiba hiye da lissahinki, don can dajin komi tsada ne kuma likita na da nisa. Ki sa su tsakiyar tufafi cikin jikka, kar a aza su bisa mota cikin rana, magani kuma shi zamna ga jikkar hannunki, don kaya na iya bin wata mota ke ki bi wata.